Rabon mace a gado: abin da shari'a ta yanka mata

A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, an yanka wa kowa rabonsa. 'Ya ɗaya tilo, in babu ɗa namiji, rabin dukiya take ɗauka. Biyu ko fiye su raba kashi biyu bisa uku. In akwai maza, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Matar mamaci tana da rubu'i (kashi ɗaya bisa huɗu) in bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa ba, tumuni (kashi ɗaya bisa takwas) in ya bari, kuma kishiyoyi su raba wannan kason a tsakaninsu.

Kafin a taɓa komai, sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi (kashi ɗaya bisa uku) ba. Sadakin da miji bai cika ba bashi ne, kayan ɗakin mace kuwa nata ne, ba sa shiga gado.

A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, naira miliyan 8 ta rage. Yana da mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3. Matar ta ɗauki miliyan 1, kowane namiji miliyan 2, kowace 'ya miliyan 1.

Kuɗi ba su cika kawo rigima ba. Gona da gida su ne matsalar. Sai yaya ya ce a bar gidan a haɗe don zumunci, ko ya ce ai ƙanwarsa tana gidan miji, me za ta yi da gona? Wani lokaci a yi wa gonar kuɗi a wulaƙance, a miƙa mata ɗan abin da ya samu, ko a riƙa aika mata buhun gero da kaka kamar ana yi mata alfarma. In ta buɗe baki, a ce ta kai 'yan'uwanta ƙara, ba ta da kunya, ga tsoron ranar da aure zai mutu ta rasa gidan komawa. Shekaru na wucewa magada na mutuwa, lissafi na ƙara cuɗewa.

Ba sai dangi sun yarda ba. Magajiya ɗaya ma tana iya zuwa kotun shari'a ta nemi a raba, alƙali ya sa a ƙididdige dukiyar, a kimanta ta. In hukuncin bai gamsar da ita ba, sashe na 277 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin sauraren shari'ar gado. Yafewa ma sai ta san adadin rabonta, kuma da yardarta, ba don an taru a kanta a zaure ba.