Ma'anar "zaɓin ɗan wasa" a kwantiragin NBA, da yadda korona ta sauya lissafinsa

A gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, sau da yawa za ka ji an ce ɗan wasa ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu, amma ta ƙarshen "zaɓinsa ce". Abin da ake nufi shi ne, shekara uku sun zama dole a kansa da ƙungiyarsa, ta huɗun kuwa wuƙa da nama na hannunsa. In ya ga dama ya ce zai zauna, ƙungiya ta biya shi albashin da aka rubuta tun farko, ko tana so ko ba ta so. In kuma ya ce ya yafe, kwantiragi ya ƙare ke nan, ya shiga kasuwa ya nemi mai saye. Akwai kishiyarsa, zaɓin ƙungiya, inda ita ce ke yanke hukuncin. A al'ada ana rufe ƙofar zaɓin ne ranar 29 ga Yuni, dab da buɗe kasuwa, don haka ɗan wasa yana yanke shawara ne kafin ya ga tayin kowa a rubuce. Wakilinsa ne ke shinshino masa farashi.

Tambayar da yake yi wa kansa guda ce: in na bar wannan kuɗin, akwai ƙungiyar da ke da filin ba ni fiye da shi, ko ta ba ni shekaru masu yawa? Amsar tana rataye da iyakar albashi, wato adadin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya ta kashe kan 'yan wasanta a kaka guda. Ita kuma iyakar daga kuɗin shigar gasar ake lissafa ta: tikiti, haƙƙin talabijin, tallace-tallace, riguna. Yarjejeniyar hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ba 'yan wasa tsakanin kashi 49 zuwa 51 cikin ɗari na wannan kuɗi. Muddin kuɗin na hawa, iyakar na hawa, kuma yafe zaɓi kan zama riba.

Ranar 11 ga Maris 2020 aka dakatar da gasar, bayan gwaji ya nuna Rudy Gobert na Utah Jazz ya kamu da korona. Da aka dawo a ƙarshen Yuli, ƙungiyoyi 22 aka killace a Disney World kusa da Orlando, ana buga wasa ba ɗan kallo ko ɗaya. Shugaban gasar, Adam Silver, ya shaida wa 'yan wasa cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shiga daga 'yan kallon da ke zuwa fili yake fitowa. Tun daga 15 ga Mayu aka fara riƙe kashi 25 cikin ɗari na albashin kowa.

A nan ne mutane ke yawan rikita abubuwa biyu: riƙe albashi da iyakar albashi. Riƙe albashi, wanda ake kira eskuro, ba baƙon abu ba ne. Ko lafiya lau ake, akan ajiye kashi 10 na albashin kowane ɗan wasa a gefe har ƙarshen kaka. In lissafi ya nuna 'yan wasa sun karɓi fiye da kasonsu, masu ƙungiyoyi su ɗebi bambancin daga ajiyar, in ba haka ba a mayar wa kowa kuɗinsa. Wannan yankan yana cin wanda ya zauna da wanda ya tafi daidai wa daida, saboda haka ba shi ne ke sa mutum ya zauna ko ya yafe ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne iyakar albashi. A farkon 2020 ana hasashen za ta kai dala miliyan 115. Da an bi ƙa'idar lissafi sak bayan asarar, da ta faɗi ƙasa warwas, sai ɓangarorin biyu suka amince a bar ta inda take, dala miliyan 109.14, sannan a raba asarar kan shekaru har uku, ba tare da yankan albashi ya wuce kashi 20 a kaka guda ba.

Miliyan shida ba ta da yawa a ido, amma ƙungiyoyi sun riga sun tsara kwantiragoginsu da zaton iyakar za ta ɗaga, kuma albashin da ke hannunsu yana ƙaruwa kowace shekara. Da kasuwa ta buɗe a Nuwamba 2020, masu filin sayen babban ɗan wasa 'yan ƙalilan ne, irin su Atlanta, New York, Detroit da Charlotte. Masu ƙungiyoyin da filayensu ke rufe kuma ba su da marmarin biyan harajin wuce iyaka, wanda a kakar ake ɗora wa ƙungiyar da jimlar albashinta ta haura dala miliyan 132.6.

Shi ya sa masu babban albashi da ba taurarin sahun farko ba suka lafe. Andre Drummond ya karɓi zaɓinsa na miliyan 28.7 a Cleveland, DeMar DeRozan ya karɓi 27.7 a San Antonio, Otto Porter ya karɓi kusan 28.5 a Chicago. Ba tsoro ba ne, sun karanta kasuwa ne daidai. DeRozan ya jira shekara guda, ya samu kwantiragin shekara uku na sama da miliyan 80 a Chicago. Drummond kuwa, a 2021 mafi ƙarancin albashi ya karɓa a Philadelphia, wanda ya nuna da ya saki wancan kuɗin da ya ciji yatsa.

Taurari lissafinsu dabam ne, domin albashinsu kaso ne na iyakar: kashi 25 ga wanda bai wuce shekara shida a gasar ba, 30 ga mai shekara bakwai zuwa tara, 35 ga mai goma zuwa sama. Anthony Davis ya yafe zaɓin miliyan 28.7 a Lakers domin kashi 30 na 109.14 ya kai miliyan 32.7. Inda annoba ta shiga shi ne tsawon kwantiragin. An yi ta zaton zai ɗauki gajere, ya cika shekara goma, ya dawo ya karɓi kashi 35. Sai ya ɗauki shekara biyar kan miliyan 190. Ga rashin tabbas na kuɗin gasar, ga shi da tarihin rauni. Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka da iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ma a Disamba ya ɗaure kansa a Milwaukee shekara biyar kan kimanin miliyan 228, kuma ta biyar ɗin zaɓinsa ce.

Wanda ya ba mutane mamaki shi ne Gordon Hayward. Ya bar miliyan 34.2 a Boston, bayan shekarun da rauni ya cinye masa, ya sa hannu a Charlotte shekara huɗu kan miliyan 120. A shekara ya ragu zuwa kimanin 30, amma kuɗin da ya tabbata a aljihunsa ya ninka fiye da sau uku. Irin wannan yafewar ba a yin ta sai wakili ya san akwai mai saye a ƙasa.

Sai dai karɓar zaɓi yana tabbatar da kuɗi ne kawai, ba wurin zama ba. Nicolas Batum ya karɓi nasa na miliyan 27.1 a Charlotte, ƙungiyar kuma tana neman filin biyan albashin Hayward a ƙarƙashin iyakar, sai ta sallame shi. Doka ta yarda a shimfiɗa kuɗin wanda aka sallama kan ninki biyu na shekarun da suka rage da ƙarin ɗaya, don haka shekara ɗaya ta koma uku, kusan miliyan tara-tara a lissafin iyakarsu. Batum ya tattara kayansa ya koma Clippers, Charlotte na biyansa yana buga wa wasu.