Mata Sun Daɗe Suna Tseren Motoci

An daɗe ana cewa tseren motoci na ƙwararru sana'ar maza ce zalla. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin matan ba su da yawa, amma tarihi bai goyi bayan maganar ba.

Tun a 1958 Maria Teresa de Filippis, 'yar Italiya, ta shiga Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, ta zo ta goma a Beljiyam. Wadda ta fi burge ni ita ce Michèle Mouton ta Faransa, wadda ta lashe tsere uku a gasar rali ta duniya (tseren motoci a kan tituna da hanyoyin ƙasa) a 1982 cikin motar Audi Quattro, ta ƙare kakar a matsayi na biyu.

Sakamakon waɗannan shekaru yana nan a intanet, kowa na iya duba sunayen direbobi. Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.