Baje kolin hotunan shaida

Hoton shaida shi ne wanda aka ɗauka don adana abin da ya faru yadda ya faru, ba tare da an jera mutane an ce su yi murmushi ba. Idan aka tara irin waɗannan hotuna aka rataya su a zaure don jama'a su zo kallo, shi ne baje kolin. Ɗaya daga cikin mafi shahara shi ne wanda mai ɗaukar hoto Edward Steichen ya shirya a Amurka a 1955, mai hotuna 503 daga ƙasashe 68. A Afirka akwai na Bamako da aka fara a 1994, da LagosPhoto tun 2010.

Mai kallo yakan fara da rubutun bakin ƙofa, sannan ya bi bango bisa jerin da mai shiryawa ya tsara. Ɗan bayanin da ke ƙarƙashin kowane hoto, wato wuri da shekara, shi ne rabin aikin, domin hoto ba shi da baki.

A Kebbi babu abin da ya kai Bikin Kamun Kifi na Argungu jan masu kyamara. Ana danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Sai dai yawancin hotunansa ɗaya ne: dubban masunta na rugawa cikin kogin Matan Fada da homa (ragar kamun kifi) da gora, sai wani ya fito rungume da giwan ruwa. Baƙo zai ga cincirindo kawai. Bakabe kuwa, wato ɗan ƙasar Kebbi, zai tsaya ya duba yadda aka riƙe gorar, ya nemi inda Sarkin Ruwa yake, wataƙila ma ya tsinci kawunsa a ciki. Hoton mai ɗinkin homa a gida kafin ranar biki ya fi wuyar samu, ya kuma fi faɗin yadda sana'ar take.

Hotunan Zamfara sun fi nauyi. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara sama da 400, kuma hotunan masu dakan dutsen zinariya mai ɗauke da dalmar a tsakar gida na cikin abin da ya sanar da duniya. A irin wannan ne maganar izini ke tasowa, don shiga cikin gida da kyamara ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Hausa, balle a rataya fuskar uwa mai makoki a bangon wani birni da ba ta taɓa zuwa ba.