Kafin ƙungiyarku ta nemi tallafi: me doka ta ce kan taro, shugabanci da kuɗi

Ƙungiyoyin taimakon al'umma ba su yi mana ƙaranci a Legas ba. Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Obalende, da wuya ka sami unguwar da 'yan Arewa ba su da wata ƙungiya mai zama duk mako, ana tara abin da ya sawwaƙa, a biya wa marar lafiya kuɗin asibiti, a sa wanda kasuwa ta karye masa a mota zuwa gida. Aiki ne na lada. Amma ran da aka ce a nemo tallafi daga waje don haƙa rijiyar burtsatse ko gyara ajin Islamiyya, a nan ake cijewa, domin mai bayar da kuɗi takarda yake tambaya, mu kuwa amana muka saba riƙewa a ka.

Dokar da ta shafi wannan ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na shekarar. Ba kamfanonin kasuwanci kaɗai ta ƙunsa ba. Daga sashe na 823 zuwa na 850 magana ce a kan ƙungiyoyin addini, ilimi, al'ada, wasanni da jinƙai. Tsarin mulkin ƙasa ya ba kowa 'yancin taruwa ko da babu rajista, wannan ba a musu. Abin da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ke ƙarawa shi ne, amintattun ƙungiya, wato waɗanda aka naɗa su riƙe dukiyarta a madadin jama'a, su zama wani mutum guda a idon doka: su mallaki fili da sunan ƙungiya, su buɗe asusun banki da sunanta, su kai ƙara, a kuma kai su. Idan babu wannan, filin da aka saya da kuɗin jama'a da sunan Alhaji wane yake, kuma ran da Allah ya yi masa rasuwa, magada suna da takarda a hannu, ƙungiya kuwa sai shaidar baki.

Amintattu su kasance biyu ko fiye. Doka ta hana wanda bai kai shekara 18 ba, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya tsiyace bai kuma fita daga wannan hali ba, da wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗin. Ana buga sanarwar neman rajista a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja.

Inda na fi so 'yan'uwa su natsu shi ne kundin tsarin mulkin ƙungiya. Da yawa lauya suke ba wa kuɗi ya kwafo na wasu, a ɗaure shi a jefa a durowa. Alhali sashe na 827 ya ce kundin ne zai fayyace yadda ake naɗa amintattu da cire su da tsawon wa'adinsu, wa ke riƙe hatimi, yadda ake kiran taro, mutum nawa ne a kwamitin gudanarwa, da yadda ake fitar da kuɗi a kuma bincike su. Wato doka ba ta ce ku zauna duk Lahadi bayan La'asar ba, ku ne za ku rubuta haka, amma da zarar kun rubuta ya hau kanku. Idan kundin ya ce sai mutum goma sun hallara kafin a yanke shawara, to mutum huɗu da suka tsira daga cunkoson Oshodi ba su isa su amince a cire naira dubu ɗari biyar ba, ko da shugaba na cikinsu. Littafin da sakatare ke rubuta abin da aka tattauna, da sunayen waɗanda suka zo, da sa hannun shugaba a ƙasa, shi ne hujja ran da aka sami saɓani. Littafi ne mai arha, irin na 'yan makaranta ma ya isa, amma na ga ƙungiyar da ta watse saboda babu shi: kowa ya rantse a kan abin da ya ji, kuma dukkansu mutanen kirki ne.

A nan akwai abin koyi wajen Rotary, ƙungiyar ayyukan jinƙai mai kulob-kulob a ƙasashe da dama, wadda Paul Harris ya kafa a Chicago ta Amurka a 1905. Ba baƙuwarmu ba ce: kulob ɗinta na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi a 1961, na Legas ya biyo baya a shekarar, kuma Jonathan Majiyagbe, lauya daga kulob ɗin Kano, ya shugabanci Rotary ta duniya a 2003 zuwa 2004. A al'adarsu shugaban kulob shekara ɗaya yake yi, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, kuma tun yana kan kujera an riga an zaɓi mai jiran gado yana koyon aiki. Sakatare daban, ma'aji daban. An san su da taron mako-mako, ko da yake tun 2016 an sassauta, an ce kulob ya zauna aƙalla sau biyu a wata. Ban ce lallai mu riƙa sauya shugaba duk shekara ba, muna da namu girmama manya. Sai dai mutum ɗaya ya zama shi ne shugaba, shi ne amintacce, wayarsa ce ke karɓar saƙon banki, wannan zalunci ne a kansa shi kansa, don an ajiye shi inda zargi zai same shi ko yana da gaskiya.

Sai kuɗi. Sashe na 838 bai bar kafa ba: duk abin da ƙungiya ta samu, a kan manufarta za a kashe shi. Ba a raba riba ga mambobi, ɗan kwamitin gudanarwa ba ya zama ma'aikacin ƙungiya mai albashi. An yarda a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa, kamar kuɗin mota, ko a biya shi haya daidai misali idan ƙungiya na amfani da shagonsa. Ko rushe ƙungiyar aka yi, abin da ya rage ba a kasafta shi tsakanin mambobi, wata ƙungiya mai irin manufar ake miƙa wa.

Masu bayar da tallafi sun fi doka tsanani. Gidauniyar Rotary tana da ƙaramin tallafi da ake bi ta gundumar Rotary don ƙananan ayyuka na gajeren lokaci, da kuma babba na ƙasa da ƙasa wanda kasafin aikin ba ya gaza dala 30,000, kuma sai kulob ɗin gida ya haɗa hannu da wani na ƙasar waje. Kafin a ba ka, sai an fara tambayar mutanen unguwa abin da suke buƙata an rubuta, sai wakilan kulob sun halarci horo kan riƙe kuɗin tallafi, sai an buɗe asusu na daban wanda aƙalla mutum biyu ke sa hannu, a kuma adana rasit da takardu tsawon shekara biyar. Wanda bai kawo rahoton aikin baya ba, ba ya samun sabo. Kulob-kulob ɗin Rotary ne ke neman wannan kuɗi, ƙungiyar unguwa sai dai ta shiga a matsayin abokiyar aiki, amma kusan kowace gidauniya irin waɗannan tambayoyi za ta yi. Haka nan bankuna sukan nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 kuma ta hana karɓa ko biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga ƙungiya mai rajista, ba ta hanyar banki ba. Mu da muka saba cinikin shanu da albasa da kuɗi a buhu, wannan sai an kula.

Sashen da ya fi tayar da ƙura shi ne na 839, mai ba da damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan an sami almundahana. Shugabannin addini da ƙungiyoyin farar hula sun yi ca a kansa, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa shi da wasu sassa da ke biye da shi sun saɓa wa tsarin mulki. Kada wannan ya sa ma'aji ya rufe littafinsa. CAC tana karɓar rahoton shekara na ƙungiyoyi tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, kuma ƙungiyar da ta tara bashin rahoto za ta tarar da tara tana jiranta ran da ta je sauya amintacce, yayin da mai tallafi zai iya buɗe shafin hukumar a intanet ya ga matsayinta tun kafin ya amsa wasiƙarku.