Tashar Jirgin Ƙasa ta Plains

Tashar jirgin ƙasa ta Plains wani ɗan ginin katako ne da ke garin Plains, a gundumar Sumter ta jihar Jojiya, kudu maso gabashin Amurka. An gina ta a shekarar 1888, kuma ita ce gini mafi daɗewa da ya rage a garin, wanda mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba.

Layin dogo ne ya zaunar da garin inda yake yanzu. Da dogo ya iso yankin a 1885, sai mazauna ƙauyen farko suka taso suka dawo bakinsa, shaguna suka jeru suna fuskantar layin. Fasinja da kayan gona duk ta tashar suke fita, har zuwa 1951 lokacin da aka daina jigilar fasinja, domin mota da kwalta sun riga sun kwashe matafiya. Tashoshi da yawa irinta a ƙananan garuruwan Amurka daga nan suka zama kango ko aka rushe su.

Siyasa ce ta ceci wannan. A 1976 Jimmy Carter, manomin gyaɗa ɗan garin kuma tsohon gwamnan Jojiya, ya mai da ita hedikwatar yaƙin neman zaɓensa na shugaban ƙasa. 'Yan jarida da masu ɗaukar hoto suka yi dafifi a dandamalinta, ginin da babu mai kallonsa ya dinga fitowa a talabijin. Bayan Carter ya kayar da shugaban ƙasa mai ci a lokacin, Gerald Ford, a zaɓen watan Nuwamba, a nan ya yi wa mutanen garinsu jawabi da sassafe. A Janairun 1977 kuma wani jirgi na musamman mai suna Peanut Special ya kwashi magoya bayansa daga Plains zuwa Washington don bikin rantsarwa.

A 1987 Majalisar Dokokin Amurka ta sanya tashar cikin wurin tarihi na ƙasa mai ɗauke da sunan Carter, tare da makarantar sakandaren da ya yi da gonar da ya tashi. Hukumar tarayya mai kula da gandaye da wuraren tarihi ce ke riƙe da ita. An mai da cikinta ɗakin baje kolin hotuna da kayan kamfen na 1976, abin da ya sa labarin siyasa ya kusan rufe na jirgin kansa. Jirgin 'yan yawon buɗe ido na SAM Shortline yana tsayawa a Plains.