Ƙagaggen Labarin Tarihi: Ma'anarsa, da Yadda Zaman Shirin Ceto Ke Tona Asirin Marubuci

A zaurukan marubuta na WhatsApp da Facebook, da wajen masu sauraron littattafai a YouTube, kwanan nan ana yawan jin cewa wane ya fara sakin "ƙagaggen labarin tarihi". Wasu da zarar sun ga doki da takobi a bangon littafi sai su liƙa masa wannan suna. Wasu kuma gani suke littafin tarihi ne sosai, har su ɗauko shi su kafa hujja da shi idan gardama ta tashi a majalisa. Duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya.

Abin da ake nufi shi ne labarin da marubuci ya ƙirƙira daga kansa, amma ya dasa shi a wani zamani da aka yi da gaske, a garin da kowa ya san da shi, cikin al'amuran da suka auku. Taurarin labarin nasa ne, yadda ya ga dama zai juya su. Zamanin kuwa aro aka ba shi. Yana da ikon ƙago wani saurayi ɗan marina a Ƙofar Mata, ya ba shi uwa da ƙanwa da abokin gaba. Amma ba shi da ikon ɗauke Basasar Kano daga 1893 zuwa 1895 ya kai ta wani lokaci, ko ya sa Sarki Alu yana cikin gari ranar da Turawa suka shigo a watan Fabrairun 1903, alhali an san ya tafi Sakkwato.

Nan ne ya rabu da littattafan yaƙi da muka taso muna haya a shagunan unguwa. Waɗancan a wani birni suke faruwa da babu shi a taswira, a wani zamani da ba a ƙidaya shekarunsa, jarumi ya tari dakaru dubu shi kaɗai, boka ya duba madubin tsafi, aljani ya ɗauki mutum ya keta gajimare da shi. Ina ganin girman wannan fanni, ya raya karatun Hausa a hannun samari da yawa da ba don shi ba da sun watsar. Sai dai dokarsa daban ce. Hanyoyin biyu ma tun gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya suka bayyana: Ganɗoki na Bello Kagara ya faro daga yaƙin Turawa sannan ya zarce duniyar aljanu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya tsaya a ƙasa, cikin zamanin bauta da ayarin Sahara, da uwa mai bin sawun ɗanta.

Idan ana so a gane wanne marubuci ya riƙe, ba sai an karanta littafin duka ba. A nemi wurin da aka kama wani, 'yan uwansa da abokansa suka taru cikin dare suna ƙulla yadda za su kuɓutar da shi. Kusan kowane labarin jarumta yana da irin wannan zama, kuma a nan ne ilimin marubuci ke fitowa fili. A fagen fama ana iya ɓoye rashin sani da ƙura da ƙarar takubba. A zaman shawara dole a faɗi ta wace ƙofa za a shiga, da wane lokaci, a kwana ina, a biya da me.

Bari mu ƙaga misali. Shekarar 1894 ce, ana tsakiyar Basasar Kano, Yusufawa, wato ɓangaren da ya ƙi yarda da sarautar Tukur, sun fice zuwa Takai, Sarki Tukur na cikin birni, ƙasa ta yamutse. A cikin hargitsin an kama wata yarinya 'ya, wadda ba baiwa ba, daga wani ƙauye, hannu ya bi hannu har ta faɗa gidan wani attajiri a cikin gari, kuma labari ya zo cewa ayarin arewa ya kusa tashi. In ta bi shi ta Damagaram zuwa Agadas, an rabu ke nan. Mutum huɗu suka zauna a wani zaure a bayan gari: yayanta, da baffansu wanda ya tsufa a fatauci, da malamin da ya koya mata karatu, da wata tsohuwa mai kitso.

"Baffa, ni dai a ba ni doki. Cikin dare zan shiga, kafin asuba mun fito."

"Ta ina za ka shiga, yaro? Da magariba ake rufe ƙofa, mabuɗi na hannun Sarkin Ƙofa. Ko haurawa za ka yi da dokin?"

"Allah gafarta Malam, ka sa baki mana. Zama za mu yi har a wuce da ita?"

"Ba wanda ya ce a zauna. Amma ka bar Inna ta yi magana, ita kaɗai ce a cikinmu za ta iya wuce zauren gidan nan."

A 'yan layukan nan tarihi ya riga ya ɗaure wa jarumi hannu, kuma daga wannan ɗaurin ne daɗin labarin ke fitowa. Ganuwar Kano, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) da bayansa, ba katangar da ake tsallakewa ba ce. Turawan da suka zo a 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, ga rami a bayanta cike da ƙaya. Ƙofofin kuma matsattsu ne, kowace da mai tsaronta. Saboda haka masu ceto dole su shiga da rana tsaka cikin jama'a, su yi abin da ya kawo su cikin dare, sannan su nemi inda za su laɓe da yarinya har gari ya waye a buɗe ƙofa. Waɗannan sa'o'i na jira, tsakanin lisha da asuba, su ne mafi haɗari a duk shirin. Marubucin da ya san cewa a wancan zamani cikin badala akwai gonaki da fili da kududdufai, musamman wajen Gwauron Dutse, ya sami inda zai ɓoye mutanensa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka gidaje ne cunkus kamar yau.

Zaɓen ƙofa ma magana ce. Wanda zai nufi yamma zai yi tunanin Kabuga ko Dukawuya, mai zuwa arewa ya duba Ƙofar Ruwa ko Mazugal ko Dawanau, mai kudu ya bi Na'isa ko Ɗan Agundi ko Gadon Ƙaya. Idan marubuci ya fitar da mutanensa ta Sabuwar Ƙofa a 1894, ya fitar da su ta ƙofar da sai a zamanin Turawa aka huda ta.

Wurin da na fi son a daɗe shi ne maganar tsohuwar nan. Littattafai da yawa sukan mayar da mace abar da ake cetowa kawai, tana kuka a ɗaka har jarumi ya iso. Amma duk wanda ya san tsarin gidan Bahaushe ya san baƙon namiji iyakarsa zaure. Cikin gida sai mata da yara. To wa zai gano a wane ɗaki aka ajiye yarinyar, ko an sa mata mari a ƙafa, wace baiwa ce ke kwana kusa da ita, da wane lokaci maigida ke shiga turaka? Mai kitso ce, ko 'yar talla mai kai ƙuli da daddawa, ko dillaliya mai yawo da zannuwa gida-gida. Ita za ta zauna a tsakar gida, kan uwargida a cinyarta, tana tsaga tana jan hira, idonta na ƙirga ƙofofi. Ita za ta san katangar baya ta zaizaye tun damina ba a yaɓe ta ba. Ita ce kuma za ta raɗa wa yarinyar cewa yayanta na gari, ba tare da fuskar ɗayansu ta nuna komai ba. In an cire ta daga shirin, takobin saurayin nan ba shi da inda zai dosa. Kuma haɗarin da ta ɗauka ya fi na kowa, domin su in sun fita sun fita, ita kuwa a garin take, an san gidanta.

Sai batun ɓad da kama. Baƙo ba ya shiga unguwa haka kawai, sai ya sauka wajen fatoma ko wani mai masauki, kuma kafin dare labarinsa ya kai kunnen mai unguwa. Tsagar fuska tana faɗin asalin mutum tun bai buɗe baki ba, karin harshe kuma ya ƙarasa tona shi. Don haka baffan zai yi tunanin wace sutura ce ba a tambayar mai ita: almajiri da allonsa, ɗan koli, wanzami da zabirarsa, ko Buzu da ya naɗe fuska da rawani ya zo da gishiri. Kowace da tarkonta. Wanda ya yi shigar wanzami ana iya kiransa ya yi ƙaho, wanda ya yi ta almajiri ana iya ce masa ya ja baƙi.

Akwai kuma tambayar da lalle ta taso a zauren, wadda marubuta ke yawan tsallakewa don suna ɗokin zare takobi: me zai hana a biya fansa? A wancan zamani fansa hanya ce sananniya ta karɓo ɗan uwa, ta hannun fatake da masu shiga tsakani, kuma malamin yana iya cewa a kai ƙara gaban alƙali tunda yarinyar 'ya ce, Musulma, bautar da ita bai halatta ba. Sai a yi gardama a kan ko shari'a za ta yi aiki a gari mai yaƙi, da ko za a sami shaidu kafin ayari ya tashi. In kuwa biya za a yi, kuɗin zamanin wuri ne, ana ƙirga shi da zambar, wato dubu-dubu, ana ɗura zambar 20 a keso guda, wato buhun wuri, kaya ne na ɗan dako ko jaki. Ba a sa shi a aljihu a yi sanɗa da shi. Shi ya sa za a kawo maganar turkuɗi ko doki a madadinsa. Ba na iya karanta irin wannan muhawara a yau ba tare da zuciyata ta tafi ga iyalan da ke zaune a zaure suna haɗa kuɗin fansar ɗan uwansu ba, a wannan ƙasa tamu, a wannan lokaci. Mai karatun Hausa na yanzu ya san nauyin zaman nan fiye da yadda ya kamata a ce ya sani, kuma zai gane nan take idan marubuci ya ɗauke shi da wasa.

Lokaci kuma da salla ake auna shi, da hantsi, da fitowar gamzaki. Za a jira duhun wata. Za a duba ko damina ce, don in Kogin Challawa ya kawo, mai gudu kudu sai ya jira 'yan fito.

Layu fa? Wannan ita ce tambayar da matasan marubuta suka fi yi. Mutanen wancan zamani sun yarda da maganin ƙarfe da layar zana da baduhu, jarumi ba ya fita sai ya sha ɗamara. Cire wannan daga labari ma ƙarya ce ga tarihi. Saurayin zai ɗaura layarsa, malam zai ba shi rubutu ya sha, zuciyarsa ta yi ƙarfi. Iyakar ita ce kada layar ta zama ita ce ta buɗe ƙofar gari. Da zarar jarumi ya ɓace a gaban dogarai ya bayyana a bayan ganuwa, labarin ya koma littafin yaƙi, kuma duk wahalar da mai kitso ta sha ta tashi a banza.

Gwanayen wannan fanni sukan bar mai karatu ya ji shirin dalla-dalla, har ya haddace shi, sannan su sa abu guda ya karkace. Ayari ya tashi kwana biyu kafin ranar da aka zata. Ko a wayi gari an hana buɗe ƙofofi saboda an ce Yusufawa sun matso. Ko su iske yarinyar ta ce ba za ta tafi ta bar wata ƙaramar baiwa da suka shaƙu ba. Karkacewar da ta fi kama jiki ita ce wadda ta fito daga zamanin kansa ko daga halin taurarin, domin mai karatu zai ce lalle haka za ta iya faruwa.

Abu na ƙarshe da ke cikin ma'anar wannan suna, kuma a Kano yana da nauyi, shi ne yadda ake taɓa mutanen gaske. Tukur da Alu da Waziri Ahmadu da ya rasu a Kwatarkwashi a 1903 ba taurarin marubuci ba ne, jikokinsu na nan a gari, wasu ma suna karanta abin da ake rubutawa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar su daga nesa: a ji tambarinsu, a ga ƙurar dawakinsu, a ji talakawa na zancensu a Kasuwar Kurmi, kowa da ɓangaren da yake goyon baya. Cin amana da ƙarya da kisan gilla da labari ke buƙata a ɗora su a kan attajirin da marubuci ya ƙaga da kansa. Wanda kuma ya ga dole sai ya sa sarki ya yi magana, to ya tsaya ga abin da aka tabbatar ya aikata, ya je Gidan Makama ya ga kayan yaƙin da idonsa, ya taka ragowar badala da ƙafarsa, ya zauna da dattawan unguwannin cikin gari kafin ya ɗora alƙalami.