Waiwaye: Mawaƙa uku 'yan watan Oktoba da tsohuwar maganar gado da haye

A duk tsakiyar watan Oktoba, birnin Legas yakan ɗauki harami na tsawon mako guda saboda bikin Felabration, wanda Yeni, 'yar Fela Kuti, ta assasa a 1998 domin tunawa da ranar haihuwar mahaifinta. Mu a nan Kaduna ba mu saba da wannan ba, domin ranar rasuwar mawaƙanmu muka fi riƙewa, kamar yadda watan Yuni yake tuna mana da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya bi shi a 2015. Sai dai Oktoba ya haɗa manyan mawaƙan Afirka ta Yamma guda uku, kuma tarihinsu ya taɓo wata tsohuwar muhawara tamu, wato ko kiɗa sai ɗan gado, ko kuwa ɗan haye ma zai iya zama gwani.

An haifi Fela ranar 15 ga Oktoba 1938 a Abeokuta, a gidan boko da coci. Mahaifinsa limamin Kirista ne kuma shugaban makaranta, shi ne ma shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya, mahaifiyarsa Funmilayo kuwa ta yi fice wajen fafutukar haƙƙin mata. 'Yan'uwansa biyu, Olikoye da Beko, likitoci ne, shi kuma da ya isa Landan a 1958 sai ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity. Tafiyar da ya yi Amurka a 1969 ce ta juya masa tunani, inda ya haɗu da masu gwagwarmayar baƙar fata, ya dawo gida da salon Afrobeat tare da makaɗinsa Tony Allen, ya mayar da waƙa makamin caccakar masu mulki. Abin bai zo masa da sauƙi ba. A watan Fabrairu 1977 sojoji kimanin 1,000 suka afka wa gidansa na Kalakuta suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Gwamnatin Buhari ta ɗaure shi a 1984 bisa zargin fita da kuɗin waje, ta Babangida ta sake shi a 1986, ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997.

Labarin Ali Farka Toure ya fi kusa da mu, kuma a ganina shi ya fi cancanta Bahaushe ya tsaya a kansa. An haife shi ranar 31 ga Oktoba 1939 a yankin Tumbuktu na ƙasar Mali, ya tashi a garin Niafunke da ke bakin kogin Kwara. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa kuma shi kaɗai ya rayu, wato ɗan wabi ne, shi ya sa aka laƙaba masa Farka, ma'ana jaki, saboda juriya, kamar yadda mu muke sa wa irin wannan yaro Ajuji ko Ayashe. Danginsa ba makaɗa ba ne, kuma a al'adarsu kiɗa sana'ar wasu gidaje ce ta daban, amma duk da haka ya fara da wani kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya irin kuntiginmu, daga baya ya koma jita. Wanda ya saba jin garaya ko gurmi a Rediyon Kaduna ba zai ji kiɗansa baƙo ba, ko da yake Turawa sun dage suna kwatanta shi da kiɗan baƙaƙen Amurka. Ya samu kyautar Grammy sau biyu yana raye, ɗaya tare da makaɗin jita Ba'amurke Ry Cooder, ɗaya tare da makaɗin ƙasar Mali Toumani Diabate, amma manomi yake kiran kansa. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunke, ya riƙa kashe kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanya da samar da lantarki har cutar daji ta ɗauke shi a watan Maris 2006.

Youssou N'Dour ne kaɗai ɗan gado a cikinsu, shi ma ta wajen uwa. An haife shi a Dakar ranar 1 ga Oktoba 1959, shekara guda cif kafin Najeriya ta samu mulkin kai, kuma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba tun farko. Ya ɗaukaka salon mbalax, wanda a cikinsa ake kaɗa tama, 'yar'uwar kalangu, sannan a 2005 ya ci Grammy da faifan yabon shehunan ɗariƙun Senegal, har da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. A 2012 ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa aka hana shi, amma da Macky Sall ya ci zaɓe sai ya naɗa shi ministan al'adu da yawon buɗe ido.

Biyu daga cikin ukun ke nan haye suka yi, na ukun ma sai da ya sha fama da uba. Haka Shata ya yi a Musawa, inda mahaifinsa ya ɗauki waƙa a matsayin roƙo wanda bai dace da gidansa ba, shi kuwa ya ƙi bari, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.